Sakandare a Ingila: makarantar unguwa, ƙaura, jarrabawa ko makarantar addini?

Ranar 31 ga Oktoba ake rufe karɓar takardun neman gurbin sakandare a duk faɗin Ingila, ranar 1 ga Maris kuma ake sanar da kowa inda ɗansa ya faɗa. Yawancin 'yan uwanmu da ke zaune a Landan, Manchesta, Bamingham da sauran garuruwa ba sa fara tunanin lamarin sai yaro ya shiga aji shida a watan Satumba, wato saura wata biyu a rufe. A lokacin kuwa an riga an gama rabin magana. Dokar ɗaukar ɗalibai ta wajabta wa kowace makaranta ta tsayar da ƙa'idojinta zuwa ranar 28 ga Fabrairu, wata takwas kafin iyaye su cike takarda, shekara ɗaya da rabi kafin yaron ya sa ƙafa a ajin. Yawan kujerun da za a buɗe, da inda aka ja iyakar yankin kowace makaranta, da wanda za a fara ba wa gurbi idan masu nema sun yi yawa, duk an rubuta an ajiye a shafin ƙaramar hukuma, kowa na iya karantawa.

Mun taso da wata al'ada dabam. A gida yaro kan rubuta jarrabawar shiga sakandare, a tura shi makarantar kwana ko da a wata jiha ce, kuma idan sunansa bai fito ba akwai wanda za a je a gani. A Ingila babu wanda za a gani. Shugaban makaranta ba ya da ikon ɗaukar ɗanka don ka roƙe shi, dokar ma ta hana a yi wa yaro ko iyayensa tambayoyin tantancewa kafin a ba da gurbi. Abin da ke aiki shi ne adireshinka, da ƙa'idar da aka buga, da lissafin da ƙaramar hukuma ta yi na yawan yaran garin.

Hanyoyi huɗu ne a gaban iyali: su nemi makarantar da ke kusa da gidan da suke ciki, su ƙaura zuwa yankin makarantar da ta yi suna, su shirya yaro ya zauna jarrabawar shiga makarantar girama, wato wadda ke tace ɗalibai da jarrabawa, ko su nemi makarantar addini. Kowace da farashinta, kuma ba kowace ce ke buɗe ga kowa ba.

Yadda ake raba kujerun

Tun dokar ilimi ta 1996, nauyin tabbatar da cewa kowane yaro a yanki ya samu gurbi yana kan ƙaramar hukuma. Sai dai alkawarin gurbi ne kawai aka yi, ba gurbin da ranka ke so ba. Kowace makaranta tana da adadin da ta buga na ɗaliban da za ta ɗauka a aji bakwai, wato ajin farko na sakandare, a ce 180 ko 240. Idan masu nema ba su kai adadin ba, kowa ya shiga, ko daga ina ya fito. Idan sun wuce, sai a bi jerin fifiko. Yaron da ke da takardar shirin buƙata ta musamman wadda ta ambaci sunan makarantar dole a ɗauke shi. Daga nan sai yaran da hukuma ke riƙo ko waɗanda ta taɓa riƙo. Bayan su, a mafi yawan makarantu, sai masu yaya ko ƙane a makarantar, sai mazauna yankin da aka shata mata, sannan a raba gardama da nisan gida.

Akwai wani abu da ya sa aikin ƙananan hukumomi ya yi wuya a yanzu, kuma ya shafi iyaye kai tsaye. Kusan kashi 80 cikin 100 na sakandaren gwamnati a Ingila sun zama akadami, wato suna karɓar kuɗi daga gwamnatin tsakiya, su ke kuma tsara wa kansu ƙa'idar ɗauka. Ƙaramar hukuma ce ke tattara takardun nema ta raba sakamako, amma ba ita ke rubuta wa akadami dokarta ba. Shi ya sa za ka ga makarantu uku a titi guda, ɗaya na auna nisa a miƙe kamar tashin tsuntsu, ɗaya na auna hanyar da yaro zai taka da ƙafa, ta uku kuma na jefa ƙuri'a. A Hackney da Tower Hamlets da ke Landan ana yi wa yara wani gwaji don a kasa su rukuni-rukuni gwargwadon ƙoƙarinsu, a ɗauki rabo daga kowane rukuni. Ba jarrabawar ci ko faɗuwa ba ce, amma a makarantun da ke shirya nasu gwajin, yaron da bai zauna ba yakan koma ƙarshen layi.

Makarantar unguwa

Wannan ce hanyar da ba ta cin ko sisi, ita ce kuma mutanenmu suka fi rainawa, sau da yawa saboda jin labari a wurin taron suna ko a rukunin WhatsApp. Wata ta ce makarantar ta lalace, alhali abin da ta sani labarin shekara takwas ne da suka wuce, kafin a sauya shugaba.

Kafin ka yanke mata hukunci, buɗe littafin neman gurbi da ƙaramar hukumarka ke bugawa kowace shekara. Can wajen tsakiya ko ƙarshe akwai wani jadawali mai ƙananan rubutu da mutane ke tsallakewa. Sunan makaranta a hagu, adadin kujeru, yawan waɗanda suka nema, sannan a gefen dama nisan gidan yaro na ƙarshe da ya samu gurbi bara. Wannan layi na ƙarshe ya fi duk wani hoton ɗakin gwaje-gwaje da ke bangon littafin amfani. Idan an rubuta cewa na ƙarshe yana zaune a nisan mil 0.7, kai kuma gidanka mil 1.5 ne, to ka san matsayinka. Nemi na shekara uku a jere, domin nisan yakan miƙe ya kuma tsuke gwargwadon yawan ƙannen da suka shigo a shekarar.

Amfanin makarantar kusa a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa ganin ɗan shekara 11 a tashar bas da ƙarfe bakwai na safe cikin watan Disamba, gari bai waye ba. Yaron da ke takawa da ƙafa yana samun barci, yana iya tsayawa darasin ƙari ko wasa bayan an tashi, yana kuma isa islamiyyar yamma ba a gajiye ba. Uwa mai aikin dare a asibiti ko gidan kula da tsofaffi tana iya isa makarantar cikin minti goma idan an kira ta. Abokan karatunsa maƙwabta ne, kana iya sanin iyayensu.

Illarta kuma ita ce ba kai ka zaɓi unguwar saboda makaranta ba. Yawancinmu inda aka samu haya mai sauƙi nan aka sauka. Idan makarantar da ke kusa tana fama da ƙarancin malamai, ko ɗalibai na raguwa a cikinta, to kusancin bai wadatar ba.

Maganar raguwar ɗalibai tana buƙatar a tsaya a kanta, domin ita ce ke juya tsarin ƙananan hukumomi a wannan lokaci. A 2012 an haifi jarirai kusan 730,000 a Ingila da Wales. A 2023 adadin ya sauko zuwa kimanin 591,000. Yaran 2012 sun riga sun shiga sakandare, waɗanda ke biye da su kuwa kullum raguwa suke. Firamare ta fara jin jiki: an rufe ko an haɗe makarantu a unguwannin Landan irin su Hackney, Southwark da Islington. Sakandare ma ta soma: an rufe Archbishop Tenison's da ke Lambeth a 2023, St Martin-in-the-Fields ta 'yan mata da ke Tulse Hill ta bi bayanta a 2024. Kuɗin makaranta a Ingila kan ɗalibi ake lissafa shi, saboda haka kujerar da babu kowa a kanta gibi ce a kasafi. Makarantar da aka gina wa yara 240 a shekara amma 130 ke zuwa, za ta rage malamai, ta soke wasu darussa a matakin GCSE, wato jarrabawar da ake yi bayan shekara biyar a sakandare, iyaye su ƙara gudu, abin ya ci gaba da zurma.

Wannan raguwa tana da fuska biyu ga mai nema. Makarantar da a da sai wanda ke bakin ƙofarta ke samu, yanzu nisanta na iya miƙewa har ya kai gidanka. A gefe guda kuma, wadda ba a rububinta tana iya shiga jerin waɗanda za a rage wa kujeru ko a rufe yaronka na tsakiyar karatu. Ƙananan hukumomi na buga takardar tsarin gurabe mai hasashen shekaru masu zuwa, unguwa-unguwa. Ba ta da daɗin karatu, amma a ciki ake fara ganin sunan makarantar da ke cikin haɗari. A sababbin unguwannin da ake ginawa a bayan gari lamarin akasin haka ne: gidaje kan riga makaranta zuwa, kuma idan an buɗe sabuwa, da aji bakwai kaɗai take farawa, ba za a ga sakamakon GCSE ɗinta ba sai bayan shekara biyar.

Ƙaura don makaranta

Turawa masu hali sun daɗe suna yin wannan, har ya shiga farashin gida. Wani nazari da ma'aikatar ilimi ta fitar a 2017 ya nuna cewa gidajen da ke kusa da sakandaren da ke sahun gaba, waɗanda ba sa tace ɗalibai da jarrabawa, sun fi na kewayensu tsada da kusan kashi 7 cikin 100. Kuɗin haya ma bin sahu yake. Mai haya yana da sauƙin tashi fiye da mai gida, wannan gaskiya ne, amma ƙarin da zai riƙa biya kowane wata ba na shekara ɗaya ba ne, musamman idan akwai ƙanne a baya.

Babban abin da nake so mai wannan niyya ya duba shi ne iyakar yanki ba katanga ba ce, layi ne da 'yan majalisa suka ja, su kuma ke iya goge shi. Birnin Brighton da Hove misali ne mai kyau. A 2007 majalisar birnin ta yanke shawarar daina raba gurbi da nisan gida zalla, saboda masu kuɗi sun mamaye titunan da ke kewaye da makarantun da ake so. Aka kasa garin yanki-yanki, aka ce idan masu nema a cikin yanki sun fi kujeru yawa, ƙuri'a za a jefa. Daga 2008 aka fara aiki da shi. Wanda ya sayi gida a bakin ƙofar makarantar Dorothy Stringer ko ta Varndean sai ya tarar shi da wanda ke can ƙarshen yankin damarsu ɗaya. Duk da haka ƙorafi bai ƙare ba, domin yaran unguwannin talakawa irin su Whitehawk an bar su da makaranta guda a yankinsu, wasu kuwa na da biyu. Wata ƙungiyar fafutuka ta garin mai suna Class Divide ta yi ta matsa lamba a kan haka. Daga shigar Satumbar 2025 birnin ya fara fifita yaran da suka cancanci abincin makaranta kyauta a makarantun da ke hannunsa, a farkon 2025 kuma majalisar ta amince a sake ja iyaka a gabashin garin. An yi zanga-zanga, iyaye da dama sun ji an yi musu sagegeduwa bayan sun tsara rayuwarsu a kan tsohuwar taswira.

Ni dai ina ganin majalisar ta kama hanyar adalci, domin bai kamata kuɗin haya ya zama jarrabawar shiga makarantar gwamnati ba. Amma darasin ga mai shirin ƙaura a fili yake. Duk sauyin ƙa'ida sai an nemi jin ra'ayin jama'a na aƙalla mako shida tsakanin 1 ga Oktoba da 31 ga Janairu. Kafin ka sa hannu a takardar haya, duba ko ana irin wannan tuntuɓa a kan makarantar da kake hari. Duba kuma ranar da hukumar ke ɗaukar adireshi a matsayin tabbatacce, domin ƙaura bayan 31 ga Oktoba kan jefa mutum cikin rikicin takardu.

Sai kuma abin da wasu ke yi a ɓoye. Na taɓa jin wata na ce wa 'yar uwarta, "Yaya, ki ba ni aron adireshinki mana, ai takarda ce kawai." Ba takarda ce kawai ba. Hukumomi na gwada adireshi da rajistar harajin gida da bayanan firamaren yaron, maƙwabta kuma na kai tsegumi. Idan aka gano, ana iya janye gurbin ko da yaro ya fara zuwa. Ka tuna halin da zai shiga, ya sayi kayan makaranta, ya yi abokai, a ce ya tattara. Ga wanda ke zaune da biza kuwa, bai kamata ya bar sunansa ya fito a takardar hukuma da maganar bayanin ƙarya ba. Ban da haka, ƙarya ce, kuma a gaban yaron ake yin ta.

A ganina ƙaura tana da ma'ana ga iyali mai yara uku ko huɗu a jere, wanda dama yana da niyyar tashi, domin idan babba ya shiga, fifikon 'yan uwa zai ja sauran. Ko a nan a karanta da kyau: wasu makarantu na janye wannan fifiko idan iyali ya bar yankin bayan babban ya samu shiga.

Jarrabawar girama

Wannan ce hanyar da ta fi kama da abin da muka saba, shi ya sa take jan hankalinmu. Duk wanda ya san darajar da makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu suka yi a Kano zai fahimci sha'awar. Makarantun girama na gwamnati ne, ba a biyan kuɗi, amma sai yaro ya ci jarrabawar da ake kira 11+. Guda 163 ne kacal a Ingila, kuma dokar 1998 ta hana buɗe sababbi. Ba a ko'ina suke ba: Kent na da 32, Buckinghamshire 13, akwai wasu a Trafford kusa da Manchesta, da Slough, da Bamingham, da wasu unguwannin gefen Landan irin su Sutton, Bexley da Barnet. Yawancin ƙananan hukumomin ƙasar ba su da ko ɗaya.

Lokaci ne ke fara kayar da mutanenmu, tun kafin jarrabawar. A Kent ana rajista a watan Yuni yaro na aji biyar, a zauna jarrabawa a farkon Satumba, sakamako ya fito a Oktoba kafin a rufe takardar nema. Wanda ya farka a aji shida ya makara. A Buckinghamshire yaran firamaren gwamnati na yankin ana shigar da su kai tsaye sai dai idan iyaye sun ce a'a, makin wucewa kuma 121 ne.

Cin jarrabawar ma ba gurbi ba ne. Wasu makarantun, irin Queen Elizabeth's ta maza da ke Barnet, maki kawai suke bi daga sama zuwa ƙasa, yara na zuwa daga nesa, gasar kuma ta kai intaha. Wasu kuwa bayan an ci sai a koma kan adireshi. Makarantun girama shida na gidauniyar King Edward VI a Bamingham sun shata wa kansu yankuna daga shigar 2020, suka kuma ware har kashi 25 cikin 100 na kujeru ga yaran iyalai masu ƙaramin ƙarfi. Wannan dama ce ta gaske ga wasu daga cikinmu. Tun 2022 an tabbatar da cewa iyalan da bizarsu ta hana su tallafin gwamnati ma na iya neman abincin makaranta kyauta idan kuɗin shigarsu bai wuce iyakar da aka sa ba. Mutane da yawa ba sa nema, don kunya ko don tsoron zai taɓa bizarsu, alhali rajistar na iya ɗaga yaro a jerin fifiko a wurare irin Bamingham da Brighton.

Sakamakon makarantun girama yana da kyau, amma ai yaran da suka riga suka yi fice suka tara. Masu bincike a Jami'ar Durham sun duba bayanan ɗalibai masu yawan gaske a 2018, suka ce idan aka yi la'akari da ƙoƙarin yaro tun daga firamare da halin gidansu, ratar da ake gani kusan ɓacewa take. Wato yaro mai ƙwazo da iyaye masu bibiya zai yi kyau a makarantar kowa-da-kowa mai nagarta. Inda lissafin ke sauyawa shi ne yankin da tsarin tacewa ya game ko'ina, kamar Kent da Buckinghamshire. A can kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yara ake kwashewa zuwa girama, sauran makarantun kuma su rasa rukunin da ke jan aji gaba. Idan a irin wannan yanki kake zaune, ƙin zama jarrabawar ma zaɓi ne mai nauyi, kuma zan ce a bar yaro ya gwada.

Abin da ba na so shi ne yadda wasu gidaje ke mayar da shekara biyu ta yarinta sansanin horo. Kuɗin malamin gida kowane mako, Asabar da Lahadi a kan takardun gwaji, sannan idan maki bai kai ba a riƙa kallon ɗan shekara goma kamar wanda ya kunyata dangi. Yaron da aka tura da ƙyar ya haye, zai kwashe shekara biyar yana bin bayan aji, ga tafiyar awa guda a jirgin ƙasa safe da yamma. Malamin ajinsa na firamare ya san matsayinsa. A tambaye shi tun aji huɗu, a kuma saurari amsar ko ba ta yi daɗi ba.

Makarantar addini da ta jinsi guda

Kusan kashi ɗaya cikin uku na makarantun gwamnati a Ingila na addini ne, mafi yawansu na cocin Angilika da na Katolika. Ga 'yan uwanmu Kirista ƙofar a buɗe take, sai dai ana neman shaida: takardar baftisma a makarantun Katolika, a wasu kuma sa hannun limamin coci cewa iyali na halarta. Makarantun Angilika da dama na ware kujeru ga kowa, kuma Musulmi da yawa na karatu a cikinsu lafiya.

Na Musulunci da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu ba su wuce talatin da 'yan kai ba a ƙasar da ke da makarantun gwamnati fiye da 20,000. Waɗanda suka fi suna su ne na rukunin Star Academies da ya samo asali a Blackburn. Makarantarsu ta 'yan mata, Tauheedul Islam, ta sha zuwa kan gaba a ma'aunin ci gaban ɗalibai na ƙasa, suna kuma da makarantun Eden a Bamingham, Coventry, Manchesta, Slough da Waltham Forest. Rububinsu ake. Sababbin da aka buɗe a tsarin makarantu masu 'yanci ba sa iya ba da fiye da rabin kujeru bisa addini idan masu nema sun yi yawa, ragowar rabin nisa ko wata ƙa'ida ke raba shi. Wasu tsofaffin kuma na fifita 'ya'yan mambobin masallatan da aka ambata da suna, saboda haka zama Musulmi kaɗai bai isa ba. Kusan dukkansu na da ƙarin takarda da ake mayar wa makarantar kai tsaye, ban da ta ƙaramar hukuma. Mantawa da ita ya sha jefa yaro ƙasan jeri.

Idan abin da kake nema shi ne 'yarka ta yi karatu cikin mata zalla, ba sai makarantar addini ba. Gabashin Landan na da irin su Mulberry a Tower Hamlets, da Plashet da Sarah Bonnell a Newham. Idan kuma damuwarka salla ce, to tambaya za ka yi, kada ka ɗauka. A lokacin sanyi Azahar da La'asar duk kan shiga yaro na makaranta, Magariba kuma ta faɗi wajen ƙarfe huɗu yana hanya. Makarantu da yawa na ba da ɗaki a lokacin cin abincin rana, amma ba dole ba ne a kansu: a Afrilun 2024 babbar kotu ta goyi bayan makarantar Michaela da ke Wembley a kan hana ibada a harabarta. Ranar da makaranta ta buɗe ƙofa ga iyaye a watan Satumba ko Oktoba, ka bar jawabin shugaba, ka matsa kusa da ɗalibin da aka ba aikin zagayawa da ku. Tambaye shi inda ake salla, ko naman kicin halal ne, ko malamin lissafinsa na bana shi ne na bara, da abin da ake yi idan wani ya zalunci wani. Yara ba su iya ɓoye irin wannan ba.

A wajen cike takarda

Kowace hanya ka ɗauka, a takarda ɗaya za ta ƙare, kuma a nan ake tafka kuskuren da ya fi tsada. Doka ta ce a ba iyaye aƙalla zaɓi uku. Landan da Bamingham shida suke bayarwa. Makarantu ba sa ganin matsayin da ka sa su. Kowace na auna yaronka da ƙa'idarta kamar ita kaɗai ka nema, sannan hukuma ta ba ka mafi girma a jerinka daga cikin waɗanda suka karɓe shi. Saboda haka babu asara idan ka sa wadda kake buri a sama ko da damar kaɗan ce. Asarar tana wajen cika duk layukan da makarantun buri, ko rubuta guda ɗaya tak da tunanin za a tilasta wa hukuma. Ba za a tilasta mata ba. Idan babu wadda ta karɓa, za a ba ka duk inda kujera ta rage bayan kowa ya zaɓa, kuma sau da yawa mai nisa ce. A 'yan shekarun nan kimanin kashi 83 cikin 100 na iyalai a Ingila ke samun zaɓinsu na farko, a Landan kuwa wajen kashi 70 ne. Layi na ƙarshe a takardar, ka bar shi ga makarantar da jadawalin nisa ya nuna tabbas za ka samu, wadda kuma ka je ka gani da idonka.

Akwai maganar mota. Ana ba da sufuri kyauta idan makaranta mafi kusa da ta dace da yaro ta wuce mil uku. Ga iyalai masu ƙaramin ƙarfi an sassauta: ɗaya daga makarantu uku mafi kusa tsakanin mil 2 da 6, ko ta addini tsakanin mil 2 da 15. Idan ka tsallake ta kusa ka zaɓi ta nesa da kanka, kuɗin motar a kanka yake. A Landan bas kyauta ce ga 'yan ƙasa da 16, amma a wajenta wannan kuɗi ne na gaske a kowane zango.

Kada kuma a dogara da tsofaffin alamomin auna makaranta ido rufe. Tun Satumbar 2024 hukumar Ofsted mai binciken makarantu ta daina ba makarantun gwamnati hukuncin kalma guda, kuma tutar yabon da ke rataye a ƙofar wata makaranta na iya zama ta binciken shekaru da yawa baya. Ma'aunin ci gaban ɗalibai ma babu shi ga waɗanda suka kammala a 2025 da 2026, saboda annobar korona ta hana su jarrabawar ƙarshen firamare da ake kwatantawa da ita. A karanta rahoton kansa, a duba kwanan watansa.

Idan 1 ga Maris ta zo ba da abin da kake so ba, karɓi gurbin da aka ba ka tukuna. Karɓa ba ta hana ka ɗaukaka ƙara, ba ta kuma cire ka daga jerin jira, ƙin karɓa kuwa na iya barin yaro babu makaranta a Satumba. Ana ba da aƙalla kwanakin makaranta 20 don shigar da ƙara gaban kwamiti mai zaman kansa, inda za ka nuna ko an yi kuskure wajen auna ƙa'ida, ko kuma buƙatar ɗanka ga wannan makaranta ta fi nauyin cunkoson da zai ƙara mata. Jerin jira dole a riƙe shi har 31 ga Disamba, kuma da ƙa'idar fifiko ake jera shi, ba da wanda ya riga zuwa ba, don haka lambarka na iya hawa ta kuma sauka. Iyalin da ya sauka daga Najeriya ko Nijar a tsakiyar shekara ba wannan jadawali zai bi ba: takardar neman gurbi ta tsakiyar zango zai cike a ƙaramar hukumar da ya sauka, a makon farko, ya kuma sa sunan yaro a jerin jiran duk makarantar da yake so ko da an ce ta cika.